Zuma ta yi gida a silin aji da kogon tsamiya: a kashe, a toshe, ko a kwashe?

Malamin Islamiyya:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a wannan zaure. Zuma ta shiga tsakanin silin da kwanon rufin wani aji na makarantar Islamiyya. Tana shiga ta wata kafa a ƙarƙashin bakin kwano, inda katakon gefe ya rabu da bulo, ta ɓangaren gabas. Tun ƙarshen damina aka fara ganinta, yanzu wata na huɗu ke nan. Silin ɗin na katako ne, kuma ya fara tabo a kusurwa. Yaran ajin sun fi 60. Wasu sun ce a fesa fiya-fiya, wasu sun ce a toshe kafar da siminti da dare. Akwai kuma wata a kogon tsamiyar da ke tsakar makarantar. Wanne ya fi?

Mai Amya:
Wa alaikumus salam, Malam. Shawarwarin nan biyu ku ajiye su gefe. Toshe ƙofa ya fi hatsari. Zumar da aka rufe wa hanya ba za ta zauna ta mutu ba, haske za ta bi, kuma hasken da ya fi kusa da ita shi ne na cikin aji, ta ramin wayar fanka ko ta gefen silin. Da safe sai ku tarar da dubbai a jikin tagogi.

Fesa magani kuwa kashe maciji ne ba a sare kai ba. Wata huɗu a wuri ɗaya, ga mangwaro da kaɗanya suna fure, to ku sa ran saƙa ta kai 6 zuwa 10 a can sama, da 'ya'ya da ruwan zuma. Ita zumar ce ke riƙe da wannan kaya: tana ɗebo ruwa, tana fifita da fukafukai, don kada zafin kwano ya taɓa kakin. Ranar da ta mutu kakin zai saki, ruwan zuma ya biyo silin, tsutsotsin su ruɓe su yi ɗoyi, tururuwa da kyankyasai da ɓeraye su taru. Bayan 'yan watanni wata zumar ta ji ƙanshin tsohon kaki ta sauka daidai wurin. Saƙar ce aikinku. Duk hanyar da za ta bar saƙa a cikin rufin ba ta raba ku da matsalar ba.

Malamin Gona:
Baba ya gama magana a kan wannan. Ƙari ɗaya game da fiya-fiya: sinadarin da ke cikinta, wanda ke cikin Sniper, guba ce da aka yi don gona, kuma tun 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ita saboda yadda ake amfani da ita cikin gidaje. A fesa ta a rufin da yara 60 ke zaune ƙarƙashinsa, sannan ruwan zuma mai guba ya ɗigo, yaro ya lasa? Zumar maƙwabta ma za ta zo ta kwashi wanda ya rage ta kai amyoyin mutane. Fetur da wuta kuma kada a ko ambata, katakon rufi a wannan lokaci na hunturu a bushe yake ƙayau. Kuma ku malamai kun fi mu sanin hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Ibnu Abbas, wanda ya hana kashe halittu huɗu, ƙudan zuma na ciki. Tunda akwai hanyar kwashe ta da rai, ita za a fara nema.

A tabbatar dai ƙudan zuma ne. Rina da zanzaro ba sa yin saƙar kaki, aikinsu daban ne kuma ya fi sauƙi. Idan ana ganin suna shiga da ƙullin garin fure rawaya a ƙafafun baya, zuma ce, kuma tana da 'ya'ya.

Malamin Islamiyya:
Suna shiga da shi kuwa. To yaya za a gane daidai inda saƙar take? Ko sai an ɓaɓɓake silin ɗin duka?

Kafinta:
Ba sai an ɓaɓɓake duka ba, Malam. Galibi saƙar ba ta wuce mita ɗaya daga ƙofar da suke shiga. Da asuba, kafin rana ta taɓa kwano, a shafa silin da tafin hannu. Inda 'ya'yan suke za a ji ɗumi, domin zuma tana riƙe su a zafin digiri 34 zuwa 35 dare da rana. A kifa kofin gilashi a wurin a sa kunne, za a ji gunji. Sai a huda ƙaramin rami da siririn ƙusa, a zura waya a hankali. Idan ta fito da danƙo ko kaki, an samu. A toshe ramin da sabulu nan take. A yi haka wuri uku ko huɗu har a gane iyakar gidan, a zana da alli.

Ta ƙasa za a buɗe, daga cikin aji. Hawa kan kwano da kayan kariya, ga santsi ga zuma tana dukan fuska, shi ke jawo faɗuwa, kuma kwanon da aka zare wa ƙusa ba ya komawa yadda yake, da damina sai yoyo. Kada a yi aikin a kan tsani. A haɗa tebura biyu masu ƙarfi ko a kafa katako mai faɗi da mutum zai tsaya da ƙafa biyu hannuwansa a sake. A kashe wutar ginin daga mita, domin wayoyi suna bin cikin silin kuma zuma takan gina saƙa a kansu. A shimfiɗa leda a ƙasa. A fara zare ƙananan katakan da suka danne bakin falankin da ƙwaƙule, ba da bugun guduma ba, sannan mutum biyu su sauke falankin a kwance, don wani lokaci ƙasan saƙar a manne yake da shi. Idan silin na asbesto ne irin na tsofaffin gine-gine, kada a sa masa zarto ko inji, ƙurarsa tana lalata huhu. A jiƙa shi, a cire allon ɗungurungum.

Mai Akwatin Zuma:
Daga inda Kafinta ya tsaya. Kayan aiki: rigar kariya mai ragar fuska ga duk wanda zai shiga ɗakin, safar hannu ta roba mai kauri, takalmin ruwa da aka ɗaure bakinsa, gwangwanin hayaƙi, doguwar wuƙa, abin kankara, burushi mai laushi ko gashin kaza, bokiti uku masu murfi, bokitin ruwa na wanke hannu, akwatin zuma da firam ɗinsa (katakai masu kusurwa huɗu da saƙa ke zama a cikinsu) babu komai a ciki, da robar ɗaure kuɗi kamar 50. Mutum uku sun isa: mai yanka, mai ɗaurewa, mai hayaƙi. Abin hayaƙi busasshen kashin shanu ne, ko totuwar masara, ko tsohon buhun algarara. Ban da leda, ban da tsumman roba. Hayaƙin ya zama fari mai sanyi. A gwada a bayan hannu, idan ya yi zafi a ƙara ɗanyen ganye a sama.

A busa sau uku ko huɗu a ƙofar waje, a jira minti biyu, sannan a buɗe silin. Hayaƙi kaɗan-kaɗan ake yi. Mai yawa yana kora sarauniya, wato uwar da ke yin ƙwai, ta gudu can cikin rufi inda hannu ba ya kai, kuma mafi yawan aikin da ya lalace a nan ya lalace.

Saƙar a jere take kamar faranti. Na gefe su ne na ruwan zuma, fari ko rawaya, masu nauyi. Na tsakiya su ne na 'ya'ya, masu duhu. A fara da na gefe: tafin hannu a ƙasa, wuƙa a sama, a yanka gunduwa-gunduwa, a share ƙudan cikin akwati, a jefa saƙar a bokiti a rufe. Lita ɗaya ta zuma ta kai kilo 1.4, saboda haka saƙa guda tana iya fin ƙarfin hannu ɗaya. Kada a ɗaura saƙar ruwan zuma a firam ko ɗaya. Za ta karye, ta malale, ta nutsar da ƙudan, ta kira tururuwa.

Idan aka iso na 'ya'ya sai a rage gudu. Kowace saƙa a duba fuskokinta biyu kafin a yanka, a sake dubawa bayan an sauke. A kwantar da ita a kan falanki, a ɗora firam a kai, a yanka daidai cikinsa, a sa roba uku ko huɗu a tsaye su riƙe ta. Saman saƙa ya zauna a sama yadda aka same ta, domin ramukan sun ɗan karkata sama ne. Wadda aka juya kai ƙasa zuma ba ta karɓarta da kyau. A jera su a akwati bisa tsarin da suke a rufi, a matse su. Guda huɗu ko biyar masu kyau sun wadatar, a tabbatar akwai mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi a ciki. Tsohuwar baƙar saƙa da ta maza masu tudun murfi a zuba su a bokiti na biyu don narkar da kaki. Cikin mako guda zumar za ta manne saƙar da firam ta tsinke robar ta fitar da ita ƙofa da kanta.

Sarauniya ta fi sauran tsawon ciki, fukafukanta ba sa rufe shi, kuma gudun haske take yi. Sau da yawa ba a kan saƙa ake samunta ba, a cikin curin da ya taru a lungun katako bayan an gama yanka take. A ɗebi curin nan da kofi ko kwali a hankali a zuba a akwati. In an gan ta, a kama ta ta fukafuki ko ƙirji, ban da ciki, a sa ta a ɗan keji. Robar naɗe gashi ta mata da aka toshe bakinta biyu tana yin wannan aiki. A rataye kejin tsakanin saƙar 'ya'ya.

Mai Amya:
Bayani ya yi, sai dai ba ka faɗi lokaci ba. Irin zumarmu ba irin ta Turai ba ce da ake buɗewa da rana tsaka. A unguwa mai cike da mutane, dare ne lokacin wannan aiki. Duk suna gida, ba sa tashi, ba wanda za su bi.

Mai Akwatin Zuma:
Allah ya ja kwana, Baba, a nan kam na saɓa maka. Dare ya dace da mai cire zuma daga amya, wanda zai yanka ya sauko. Wanda ke neman sarauniya a cikin rufi yana bukatar ido. Da dare zuma ba ta tashi, gaskiya ne, amma rarrafe take yi, ta bi ƙafar wando da hannun riga, kuma duk mayaƙan suna gida. Ga tocila tana jawo su fuskar mai riƙe da ita. Abin da ya fi shi ne a fara bayan la'asar, saura kamar awa biyu rana ta faɗi. Akwai haske na aiki, idan kuma ta fusata duhu zai kwantar da ita kafin ta yi nisa. Ƙudan da suka dawo daga kiwo a daji za su tarar da akwati a wurin su shiga.

Mai Amya:
Awa biyu ba ta isar gidan da ya yi wata huɗu, in dai za a ɗaura saƙa ɗaya bayan ɗaya. Magariba za ta same ku a tsakiyar aiki da silin a buɗe.

Malamin Gona:
Ku duka kuna da hujja, kuma ana iya haɗa su. A yi duk aikin kafinta tun ana gobe za a kwashe: gano wuri, zana shi, sassauta katakai, kafa abin tsayawa, shimfiɗa leda. Ranar aiki a fara da ƙarfe huɗu. Idan duhu ya riske ku, a rufe bakin tocila da jar leda ko jan ƙyalle, domin ƙudan zuma ba sa ganin jan haske, a ƙarasa da shi. Tunda a cikin ɗaki ne, a rufe ƙofa da tagogi, a bar taga ɗaya a buɗe ta ɓangaren da babu mutane, waɗanda suka tashi su fita ta nan su zagayo.

Abin da ba a sassautawa shi ne maƙwabta. A sanar da gidajen da ke kewaye tun da safe. A kwance duk dabbar da ke ɗaure kusa, akuya, rago, jaki, a kai su nesa ko a shigar da su ɗaki, haka kaji da ke cikin akurki. Dabbar da ke turke ita ke mutuwa, don ba ta iya gudu, kuma tsalle-tsallenta na ƙara tunzura zumar. A roƙi mai injin niƙa da mai janareta su kashe na wannan lokaci, girgiza tana tayar da ita. Masu aiki kada su shafa turare, kada su sa baƙaƙen kaya.

Malamar Asibiti:
Malam, kafin a fara a tanadi abin hawa a ƙofa, a kuma san asibitin da za a nufa. Wanda ya taɓa kumburin fuska ko shaƙewa bayan harbi ɗaya kada ya kusanci wurin, ko da kaya.

Idan ta yi harbi, a cire ƙarin nan take da farce ko bakin wuƙa. Jakar dafin tana ci gaba da tura dafi kusan minti ɗaya, saboda haka sauri ya fi salon cirewa muhimmanci. A busa hayaƙi a wurin, domin harbin yana barin wani ƙamshi mai kama da na ayaba wanda ke kiran sauran su harbi wuri ɗaya. Kumburi da ƙaiƙayi a inda aka harba ba abin tsoro ba ne, ruwan sanyi da Piriton sun isa. Abin tsoro shi ne kumburin leɓe ko harshe, shaƙewar murya, numfashi da ƙyar, ƙuraje a duk jiki, jiri ko suma, cikin mintuna kaɗan. Wannan allurar adirenalin a cinya yake bukata, Piriton ba ya tare shi. A kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya yi wuya a bar shi a zaune, a tafi asibiti ba jira. Wanda ya sha harbi da yawa, kamar 50 zuwa sama, ko ƙasa da haka in yaro ne ko tsoho, shi ma a kai shi ko ya ce lafiyarsa lau, domin dafin yana iya taɓa ƙoda bayan kwana ɗaya ko biyu. Fitsari mai duhu alama ce.

A koya wa yara: in zuma ta biyo ka, rufe fuska da riga, gudu kai tsaye zuwa ɗaki ka rufe ƙofa. Ban da tsayawa ana kaɗa hannu. Kuma idan an raba zumar da aka samu, kada a lasa wa jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Malamin Islamiyya:
Allah ya saka da alheri, Malama. Idan an gama ba a ga sarauniyar ba fa?

Mai Akwatin Zuma:
Zumar da kanta za ta gaya muku. A ajiye akwatin a sama, kusa da inda saƙar take, murfi a ɗan buɗe. Idan tana ciki, za a ga ƙudan sun tsaya a bakin akwati sun ɗaga gindi suna fifita, sauran suna tafiya ciki a jere kamar an kira su. Idan suna fitowa suna komawa wani lungu suna curewa, tana lungun. A sake ɗebo su. In ta mutu ko ta ɓace, saƙar nan mai ƙwai ita ce mafita: za su zaɓi tsutsar da ba ta wuce kwana uku ba su rene ta, cikin mako biyu sabuwa ta fito, zuwa mako huɗu ta fara ƙwai.

Bayan isha, da sun shige, a rufe ƙofar akwati da ragar waya, ban da tsumma, don zafi yana kashe su cikin awa ɗaya in ba iska. A ɗaure akwatin, a ɗauke shi a daren, firam suna kallon hanyar da mota ke bi, a kai shi nesa da kilomita 5. Kusa da haka ƙudan da ke fita kiwo za su dawo tsohon wuri. A saki sarauniya bayan kwana biyu ko uku. Zumarmu tana da saurin ƙaura in an dame ta, saboda haka a ajiye ta a inuwa, a sa ƙafafun teburin cikin gwangwanin baƙin mai don tururuwa, a ba ta ruwan sukari, kofi ɗaya na sukari a kofi ɗaya na ruwa, a cikin akwati, kuma bayan sakin sarauniya kada a sake buɗe ta har mako guda.

Mai Amya:
Ga wanda ba shi da akwatin firam: akwatin Kenya mai sanduna ma yana yi. A rataye saƙar a jikin sanda da tsumman atamfa mai faɗin yatsa uku, kamar majanyi, biyu a kowace saƙa. Faɗin sandar ya zama milimita 32, shi ne ma'aunin zumarmu. In ya fi haka za ta gina saƙa a karkace ta haɗe sanduna. Amyar ciyawa kuwa ba a iya ɗaura mata saƙa yadda ya kamata. Sai dai a zuba ƙudan da sarauniya, a soke saƙar 'ya'ya ɗaya da tsinke a tsaye a ciki, kuma a sani cewa tana iya tashi ta bar ta.

Magini:
Ku dawo kan ginin, don nan ake sakaci. Bayan an ɗauke akwati, a kankare katako da kwano har sai babu ɗigon kaki. A wanke da ruwan omo mai ɗumi, a bi da ruwan bilic, a bari ya bushe kwana biyu da silin a buɗe, sannan a shafa fentin mai a inda saƙar ta manne don ya danne ƙanshin. Falankin da ya sha zuma a canza shi. Sai a zagaya ginin duka, ba kafar gabas kaɗai ba. Duk ramin da fensir zai shiga, zuma za ta shiga. Tsakanin kwano da bulo a cike da siminti, ramukan shan iska a sa musu ragar waya mai ƙananan ido, a buga da ƙusa. Ragar sauro ta roba ba ta daɗewa. 'Yan ƙudan da suka rage suna zagaye wurin za su watse cikin kwana uku zuwa biyar.

Da a cikin bulo mai rami ta shiga, irin inci 9, da aikin ya fi haka wuya, don ramukan suna haɗe daga sama zuwa ƙasa kuma saƙar takan yi tsawo. Nan sai an fasa fuska ɗaya ta bulo uku ko huɗu da kurfi, a cire, a cike ramin da yashi da siminti. A ginin ƙasa kuma a bi a hankali kusa da azara, kada a raunana abin da ke ɗauke da rufi.

Malamin Islamiyya:
Saura ta tsamiya. Kogon yana sama da tsayin mutum kaɗan, bakinsa kamar tafin hannu. Ba ma son a sare bishiyar, ita ce inuwar makarantar.

Malamin Gona:
Ba sai an sare ba, kuma kada a cusa wuta a kogon. Wuta tana cin cikin bishiya a ɓoye kwana da kwanaki, daga baya iska ta kayar da ita. Hanyar da ta dace ita ce mazurarin waya, sai dai tana son haƙuri.

A sami ragar waya mai ido kamar milimita 3, a naɗa ta kamar mazurari, tsawo santimita 30, gindi santimita 15, bakin kuma milimita 8 zuwa 9, daidai fitar ƙuda ɗaya. A buga gindin a jikin falanki mai rami, a ɗaura falankin a bakin kogon, tsinin yana kallon waje ya ɗan ɗaga sama. A liƙe gefe da laka. A zagaya bishiyar a toshe duk wata kafa, domin rami ɗaya da aka manta ya rushe aikin. Zuma za ta fita ta tsini, in ta dawo sai ta nemi gindi inda ƙanshi yake, ta rasa hanya. A kafa akwati a kan dandamali, ƙofarsa ba ta fi taku biyu daga gindin mazurarin ba, a sa masa saƙa ɗaya mai ƙwai da ƙananan tsutsotsi tare da ƙudan da ke kanta. Waɗanda suka rasa hanya za su shiga nan su reni sabuwar sarauniya.

Kullum a duba abu biyu: ko gawar namijin ƙudan zuma ta toshe tsinin, da ko sun sami sabuwar kafa. Daga ƙwai zuwa ƙuda kusan mako uku ne, saboda haka sai an ba shi mako 5 zuwa 8 kafin kogon ya ƙare. Idan kwana uku suka wuce ba mai fitowa, a cire mazurarin, a bar zumar akwati ta shiga ta kwashe ruwan zuman da ya rage, kwana uku ko huɗu. Sannan a ɗauke akwati da dare, a rufe bakin kogon da ragar waya.

Mai Akwatin Zuma:
A faɗa wa Malam gaskiyar abin da ake rasawa: tsohuwar sarauniya galibi ba ta bin mazurari. Ko ta mutu a ciki da 'yan kaɗan da suka rage, ko ta fice da su a ƙarshe. Kuma kwana ukun farko ƙudan da suka rasa ƙofa suna yawa a iska, ransu a ɓace. Wannan ba aikin da za a fara yara suna tsakar makaranta ba ne.

Mai Amya:
Akwai ta gaggawa, in kogon bai yi zurfi ba. A huda rami da abin huda katako a ƙasan inda saƙar ta ƙare, a riƙa tura hayaƙi mai sanyi ta nan a hankali, a bar bakin sama a buɗe. Zumarmu ba ta da wuyar tashi, cikin awa ɗaya ko biyu takan fito da sarauniyarta ta cure a reshe, sai a kakkaɓe ta a akwati. Aibinta, 'ya'yan da ruwan zuman suna nan a ciki. A bishiya wannan bai kai na rufi muni ba, tururuwa za su cinye, amma dole a rufe bakin da raga a ranar, a toshe ramin da aka huda da turken itace.

Magini:
Kada dai a cika kogon da kankare. Bishiya tana motsi da iska, kankare ba ya motsi, sai ya riƙa gogar cikinta yana tara ruwa. Raga ta isa.

Malamin Gona:
Wani abu da zai taimaka nan gaba: curin zuma da aka wayi gari aka gani a reshe ko a jikin katanga, babu saƙa, wannan baƙuwa ce mai neman gida. Cikinta cike yake da zuma, ba ta cika faɗa ba, kuma takan tashi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Ita ce mafi sauƙin kamawa: akwati a ƙasa, girgiza ɗaya mai ƙarfi a reshen. A hana yara jifa kawai. Kuma a rataye akwatin tarko ɗaya a bishiya can bayan makaranta, a shafe cikinsa da kaki da ganyen tsaurin nan mai ƙanshin lemo, don mai neman gida ta same shi kafin ta sami rufinku.

Malamin Islamiyya:
Na fahimta. Ga abin da za mu yi: Laraba da yamma bayan an tashi, kafinta ya gano wuri ya shirya. Alhamis da la'asar a kwashe ta silin, tunda Alhamis da Juma'a babu karatu. Ajin ya zauna a rufe har a gama wanki da toshewa. Ta tsamiya kuma a kewaye gindin da igiya, a jira hutu a sa mazurari. Za mu nemi mai kiwon zuma a ofishin gona na ƙaramar hukuma. Ko da gyara?

Mai Akwatin Zuma:
Gyara biyu, Malam. Ranar Alhamis ta tsamiya za ta ji ƙanshin zumar da aka yanka ta zo wawaso ta tagar da aka bari a buɗe, kuma mai wawaso ta fi mai gida faɗa. Saboda haka bokiti a rufe kowane lokaci, abin da ya ɗiga a goge da jiƙaƙƙen tsumma nan take, ledar ƙasa a naɗe ta a fitar a daren. Na biyu, ku tambayi duk wanda ke da makullin ajin ko wani ya riga ya fesa wani abu a kafar nan, ko sau ɗaya ne. In an fesa, ruwan zuman ba na sha ba ne, ba na ba wa wata zuma ba ne, a haƙa rami a binne shi.

Kafinta:
A sayi falankin silin ɗaya da ƙusa inci ɗaya da rabi tun Laraba, don Juma'a da wuya a sami shagon katako a buɗe kafin a sauko daga masallaci.